Da Wane Hannu Michelle Take Rubutu?

Masu kallon talabijin a Amurka sun daɗe da lura da wani abu game da Michelle Tanner, autar gidan nan na wasan barkwancin Full House. Wannan makon za ka ga ta ɗauki cokali ko alƙalamin zane da dama. Mako ya zagayo, sai ga ta da hagu, kuma hannun bai nuna alamar baƙunta ba, tana aiki da shi tamkar da shi aka haife ta tana yi. Da a ƙasar Hausa ake kallo, da tsohuwar farko da ta gani ta ce a tsawata wa yarinyar nan tun tana ƙarama. A Amurka ba a ɗauki ci da hagu abin faɗa ba, saboda haka maganar ta tsaya a tambaya: yarinyar bahaguwa ce ko kuwa?

Tashar ABC ce ta fara nuna shirin ran 22 ga Satumba, 1987, kuma ya yi zango 8, kashi 192, kafin a rufe shi a 1995. Jeff Franklin ne ya ƙirƙire shi. Danny Tanner, ma'aikacin gidan talabijin a San Faransisko, matarsa ta rasu a hatsarin mota da wani mashayi ya jawo, ta bar masa 'yan mata uku: D.J. mai shekara 10, Stephanie mai shekara 5, da jaririya Michelle. Sai ƙanin marigayiyar, Jesse, mawaƙi mai babur wanda ya fi kula da sumarsa fiye da komai a duniya, da aminin Danny, Joey, ɗan wasan ban dariya, suka tattaro kayansu suka tare a gidan don su taya shi reno. A wurinmu da gwaggo ko kaka ta kwashe yaran kafin sadakar bakwai. Can kuwa kawu ne da abokin uba, gwauraye biyu da ba su taɓa goya ko 'yartsana ba, aka bar wa jinjira.

Masu sharhi a jaridu ba su raga wa shirin ba. Sun ce zaƙinsa ya yi yawa, kowace rigima sai ta ƙare da nasiha da rungumar juna kafin minti ashirin da 'yan kai su cika. A zangon farko masu kallo ma ba su da yawa. Amma da aka maimaita shi a bazarar 1988 sai jama'a suka fara taruwa, kuma zuwa farkon shekarun 1990 ya shiga sahun shirye-shirye goma da aka fi kallo a ƙasar. Duk wanda ya taɓa kallo ya san inda 'yan kallon da ke zaune a ɗakin ɗaukar shirin suka fi yin shewa: lokacin da Michelle ta shigo da taku ɗaiɗai, ta ɗaga babban yatsa, ta faɗi magana irin ta manya. Ido miliyoyi na kan yarinya guda, kowane mako. Dole a ga hannun.

Amsa mafi sauƙi ita ce tana cikin mutanen nan da Allah ya hore wa hannu biyu. Akwai su, sai dai ba su da yawa, kuma irinsu sukan sauya hannu a zama guda in wancan ya gaji. Abin da masu lura suka gani daban ne. Bambancin yana zuwa ne daga fitowa zuwa fitowa, kamar wani ne yake yanke mata shawarar hannun da za ta tashi da shi.

Wata amsar ita ce ta masu ɗan sanin aikin fim. Mai tace hoto yana iya juya shi, dama ta koma hagu, kamar a madubi. Wannan ma ba ta yi nisa ba. In an juya hoto, komai ne yake juyawa: ƙofar kicin, matakalar bene, tsagar sumar kawu Jesse, har rubutun da ke jikin riga. Gidan su Tanner bai taɓa juyawa ba. Yarinyar kaɗai ce.

Alamar da ta fi ƙarfi tana nan a gaban kowa, a farkon kowane kashi tun daga zango na biyu, lokacin da ake jero sunayen 'yan wasa. John Stamos, Bob Saget, Dave Coulier, Candace Cameron, Jodie Sweetin, kowa suna biyu. Da an zo kan hoton auta sai a rubuta huɗu: Mary Kate Ashley Olsen. Amurkawa sun saba da sunan tsakiya, kuma Mary Kate suna ne da ake haɗawa, don haka yawancin mutane suka wuce ba su tsaya ba. Wanda ya manyanta kuma yake da kyakkyawar tunawa zai iya cewa ya taɓa ganin irin wannan. A shirin Little House on the Prairie, wanda aka fara a 1974, an rubuta sunan mai fitowa a matsayin ƙaramar Carrie da Lindsay Sidney Greenbush. Ba mutum ɗaya ba ce. Lindsay daban, Sidney daban, tagwaye ne.

A farkon zango na huɗu, cikin 1990, masu shirin da kansu suka buɗe ƙofa kaɗan. Dangin Jesse sun zo ziyara daga Girka, tare da wata 'yar ƙaramar yarinya, Melina, mai baƙin gashi, wadda in ban da gashin babu abin da ya raba ta da Michelle. Ga su nan su biyu a hoto ɗaya. Duk da haka mai taurin kai yana da mafaka, domin tun 1961 aka ga Hayley Mills ta fito a matsayin tagwaye ita kaɗai a fim ɗin The Parent Trap, da dabarar raba hoto gida biyu. Sai dai wannan dabara tana bukatar ɗan wasa ya tsaya daidai inda aka ɗora masa alama, ya yi magana da iska, ya jira amsar da ba zai ji ba. Babba ma yana shan wuya da ita, balle 'yar shekara huɗu.

A 1992 gardama ta ƙare ga wanda bai riga ya ji a mujallu ba. ABC ta nuna wani fim na lokacin Kirsimeti mai suna To Grandmother's House We Go, taurarinsa kuma yara biyu ne, kowace da sunanta: Mary-Kate Olsen da Ashley Olsen, an haife su ran 13 ga Yuni, 1986. Mary-Kate bahaguwa ce. Ashley da dama take aiki. Hannun da Michelle ta ɗauki cokali da shi ya danganta ne da wadda aka shigo da ita gaban kyamara a wannan sa'ar.

To, me ya sa yara biyu a gurbin ɗaya? Ba iyayi ba ne, doka ce. Duk da labarin na San Faransisko ne, a yankin Los Anjelis ake ɗaukar shirin, kuma jihar Kalifoniya ta ƙayyade awannin aikin yara a fim dalla-dalla. Jaririn da bai kai wata 6 ba, minti 20 kacal zai yi yana aiki a yini. Daga wata 6 zuwa shekara 2, zai iya zama a wurin awa 4, amma aikin kada ya wuce awa 2. Daga shekara 2 zuwa 6, zama awa 6, aiki awa 3. Awa biyun nan kuma ba darakta ne yake da iko da su ba. Jariri yana barci, yana jin yunwa, yana haƙori, yana ƙyuya. In aka samu biyu masu kama ɗaya, lokaci ya ninka, kuma in wannan ta fashe da kuka sai a miƙo waccan. Shi ya sa masu ɗaukar 'yan wasa a Holiwud suke neman tagwaye ido rufe.

Ko da biyun ma abin bai zo da sauƙi ba. A kashin farko akwai wurin da har yau masoya shirin suke tunawa. An bar Jesse da Joey da jaririya, ta ɓata kunzugu. Suka ɗauke ta a miƙe, nesa da jikinsu, suka ruga kicin, suka zaunar da ita cikin tukunya, suka fesa mata ruwa da mesar wanke-wanke, suka busar da ita da fanka, sannan suka naɗe ta da takardar goge hannu. Mai kallo dariya yake yi wa maza biyu da suka rasa yadda za su yi. A 2023 John Stamos, wanda ya fito a Jesse, ya ba da labarin abin da ya faru a bayan kyamara: yaran, waɗanda ba su cika shekara ba, sun yi ta tsala ihu har ya ce shi ba zai iya aiki haka ba, a sauya su. Aka kuwa sallame su, aka kawo wasu yara biyu masu jan gashi. Ba a je ko'ina ba ya ga gara na da, ya ce a dawo da su. In ka sake kallon wurin da wannan labari a ranka, dariyar takan ɗan ragu. Ruwan da aka fesa na gaske ne, fankar ma haka, kuma wadda ke cikin tukunyar ita kaɗai ce a ɗakin ba ta san wasa ake yi ba.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗin bi. Tun da amfani da tagwaye ba laifi ba ne, kowa a sana'ar yana yi, me ya sa aka curo sunan mutum ɗaya daga sunaye biyu? Kuma me ya sa aka ci gaba da rubuta shi haka har zango na bakwai, bayan kowa ya san gaskiya? Sai a zango na takwas, na ƙarshe, aka raba sunayen.

A ganina amsar tana wurin masu kallo. Abin da shirin yake sayarwa ba barkwanci ba ne, domin barkwancinsa, a faɗi gaskiya, na tsaka-tsaki ne. Yana sayar da jin cewa gidan nan yana nan da gaske, kuma kai ma ɗan gida ne. Mutane sun ga Michelle tana rarrafe, sun ga ta miƙe, sun ji kalmominta na farko, sun raka ta makarantar reno. Shekara takwas tana girma a falonsu, daidai da 'ya'yansu. In ka ce musu yaran biyu ne, ana musanya su gwargwadon agogo, ka mayar da marainiyar da suka tausaya wa ta zama ma'aikaciya mai karɓar canji. Yadda mutane suka riƙi gidan da gaske ya bayyana a titin Broderick na San Faransisko, inda ginin da ake nuno fuskarsa yake. Ba a can ake ɗaukar wasan ba, amma baƙi suka yi ta tururuwa suna ɗaukar hoto, har maƙwabta suka kai kuka, hukumar birnin ta hana manyan motocin 'yan yawon buɗe ido bin titin a 2018, shekara 23 bayan an rufe shirin.

A wasa, nauyin da ba a shirya masa ba ya faɗo kan maza uku. A zahiri wani nauyin ya faɗo kan yara biyu da ba a tambaye su ba. Kafin su iya karatu, akwai mai kula da su a gefen kyamara tana faɗin kalmomi suna maimaitawa. A 1993, suna da shekara shida zuwa bakwai, aka kafa kamfani da sunansu, Dualstar, wanda ya fitar da kaset-kaset na bidiyo, da littattafai, da tufafi, da 'yartsana, kuma da suka cika 18 a 2004 suka karɓi ragamarsa. Kalifoniya tana da dokar da ta tanadi ajiye wani kaso na kuɗin yaro ɗan fim tun 1939, bayan wani yaro ɗan fim, Jackie Coogan, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. Tagwayen Olsen ba su yi asarar kuɗi ba. Amma a wata hira da mujalla a 2010, Mary-Kate ta ce ba za ta yi wa kowa fatan irin tasowarta ba.

Kashin ƙarshe, ran 23 ga Mayu, 1995, kamar marubutan ne suke amsa laifi a fakaice. Michelle ta faɗo daga kan doki, ta manta kowa a gidan. Daga bisani tunaninta ya zo mata a siffar wata Michelle ɗin, suka tsaya suna magana, sannan suka haɗe suka koma mutum ɗaya.

A Fabrairun 2016 Netflix ta farfaɗo da labarin da sunan Fuller House. Wannan karon D.J. ce mijinta, ɗan kwana-kwana, ya rasu a bakin aiki, ya bar mata maza uku, Stephanie da Kimmy, ƙawar D.J., suka tare don taya ta. Kusan kowa ya dawo. Da aka tambayi ina Michelle, Danny ya ce tana gaishe su, tana Niyok harkar kamfaninta na tufafi ta riƙe ta. Sai dukansu suka juyo suka zuba wa kyamara ido, suka yi shiru, 'yan kallo suna ta ihu. Zolaya ce, domin tagwayen sun kafa kamfanin tufafi mai suna The Row tun 2006. Masoya da yawa sun ji haushin rashin zuwansu, wasu har suna kiran abin butulci ga shirin da ya ɗaga su. Ɗaya daga cikin furodusoshin, Bob Boyett, ya ce Ashley ta gaya masa rabonta da tsayawa gaban kyamara tun tana 17 kuma ba ta jin za ta sake, Mary-Kate kuma ta ce lokacin bai yi mata daidai ba.

Sauran 'yan wasan suna da abin tunawa da za su koma wa: ranar da aka gwada su, ranar da aka ce an ɗauke su, murnar da suka yi. Su biyun nan ba su nemi aikin ba, kuma shekarun da jama'a suka fi ƙaunar Michelle su ne shekarun da ɗan'adam ba ya iya tunawa. Fuller House ya yi zango 5, kashi 75, ya ƙare a 2020 ba tare da sun leƙo ba ko sau ɗaya. Jaririn sabon gidan, Tommy, shi ma tagwaye ne suka riƙa karɓa-karɓa a gurbinsa, Dashiell da Fox Messitt, kuma tun daga kashin farko ba a ɓoye wa kowa cewa su biyu ne ba.