Kariyar Sisiliya: Wace Hanya Ce Ta Dace Da Mai Farare?

A ranar 10 ga Fabrairun 1996, a birnin Filadelfiya na Amurka, aka haɗa kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM da zakaran duniya na wasan darar ces, Garry Kasparov. Kwamfutar ce ke riƙe da fararen 'ya'ya. Ta tura dakaren gaban sarki zuwa gidan e4, Kasparov ya mayar da martani da abin da aka san shi da shi, wato dakaren gefe zuwa c5, buɗin da ake kira kariyar Sisiliya. Maimakon babbar hanyar da manyan 'yan wasa suka saba bi, sai na'urar ta ɗaga dakarenta na layin c gida ɗaya kacal, zuwa c3. Ta ci wasan, karo na farko ke nan da na'ura ta doke zakaran duniya mai ci a wasa mai cikakken lokacin gasa, kodayake Kasparov ne ya lashe karawar baki ɗaya da maki 4 da 2.

Mararrabar da kwamfutar ta tsaya a kai a taku na biyu ita ce ke jiran duk wanda ke buɗe wasa da e4, daga gwanayen duniya har zuwa ma'aikacin da ke taɓa wasa a wayarsa ta Lichess ko Chess.com yayin da yake jiran maigida ya fito daga taro. Kariyar Sisiliya, wadda Baturen Ingila Jacob Sarratt ya yaɗa sunanta a 1813, tana cikin amsoshin da aka fi ba e4. Dalilin farin jininta shi ne mai baƙaƙe ba ya kwaikwayon abokin karawarsa. Yana tsare gidan d4 na tsakiya ne daga gefe, ya karkatar da allon yadda kowa zai sami ɓangaren da yake da ƙarfi. Wanda ya zaɓe ta nasara yake nema, ba canjaras ba.

Babbar hanyar ita ce Buɗaɗɗiyar Sisiliya: mai farare ya fito da doki zuwa f3, ya tura dakare zuwa d4, a yi musanye, dokin ya zauna a tsakiya. Ribarsa a fili take, domin 'ya'yansa sun riga fitowa kuma yana da sararin kai farmaki. Kuɗin da ya biya shi ne ya ba da dakaren tsakiya ya karɓi na gefe, cinikin da gwanin nan na Denmak, Bent Larsen, ya taɓa kushewa. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Da zarar an buɗe tsakiya, mai baƙaƙe ne ke zaɓar filin daga: ko reshen Najdorf, wanda Bobby Fischer da Kasparov suka dogara da shi, ko Dragon, ko Sveshnikov, ko Taimanov. Shi reshe ɗaya zai haddace, ya yi shekaru yana bugawa. Mai farare kuwa tilas ya shirya wa dukkansu.

Kuma ba shirin wasa ba ne. A reshen Dragon, sarakunan biyu kan fake a kusurwoyi daban, kowane ɓangare ya saki dakarunsa kan gidan sarkin ɗan'uwansa, wanda ya yi jinkirin taku ɗaya ya sha kashi. Akwai layukan da ake bi da hadda fiye da taku ashirin kafin a fara tunani. Ko Fischer bai tsira ba: a wasa na 11 na karawar 1972 a Reykjavik, Boris Spassky ya zo masa da sabon taku a cikin Najdorf ɗin da ya fi kowa sani, ya kayar da shi. Mutumin da ke barin ofis bayan magariba, ya yi fama da cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa kafin ya isa gida, da wuya ya iya wannan tsere da ɗalibin da ke da yini guda a hannunsa.

Saboda haka ne takun Deep Blue ya cancanci a duba shi da kyau. Tsarin c3, mai ɗauke da sunan Semyon Alapin, manufarsa ɗaya ce: a tura d4 daga baya, in an ci, a rama da dakare, mai farare ya ci gaba da riƙe tsakiya. Da wannan ɗan taku an rufe ƙofar Najdorf da Dragon gaba ɗaya, kuma manyan amsoshin mai baƙaƙe biyu ne, ko dakare zuwa d5 ko doki zuwa f6. Yawanci wasan kan kai ga mai farare yana da dakare tilo a d4, ba maƙwabci a dama ko hagu. Wannan dakaren yana buɗe wa 'ya'yansa hanyoyi a tsakiyar wasa, amma in aka yi musanye da yawa sai ya zama kaya. Sanin lokacin da za a tura shi gaba fahimta ce, ba hadda ba, kuma tana amfani a buɗe-buɗe da dama. Abin sha'awa, Evgeny Sveshnikov, wanda reshen Sisiliya ke ɗauke da sunansa, c3 ɗin ya fi kāre wa idan farare suka faɗo masa.

Hanya ta uku ita ce fito da giwa, ɗan da ke tafiya a karkace, zuwa b5 a taku na uku. In mai baƙaƙe ya sa doki a c6, sunanta Rossolimo. In dakare ya tura zuwa d6, sai a kira ta tsarin Mosko, wanda Kasparov ya yi amfani da shi a 1999 lokacin da ya kara da jama'ar duniya ta intanet, ya yi nasara. Sau da yawa giwar kan cinye dokin c6, ta bar abokin karawa da dakaru biyu a layi ɗaya, sannan a ci gaba da matsa masa a hankali. A gasar duniya ta 2018 a Landan, Fabiano Caruana ya gwada Rossolimo kan Magnus Carlsen a wasanni na 1 da na 3 da na 5. A na farkon ma da ƙyar ya sha, bayan taku 115. Daga baya ya koma Buɗaɗɗiya, ita ma ba ta ba shi nasara ba, aka tashi canjaras a duk wasanni 12 kafin Carlsen ya raba gardama a wasannin sauri.

Akwai kuma gajerun hanyoyi masu ruɗi. Farmakin Grand Prix, da dakare a f4, yana kayar da wanda bai shirya ba. Sadaukarwar Smith-Morra tana ba da dakare kyauta don a riga fitowa, sai dai Ken Smith da kansa ya buga ta sau uku a gasar San Antonio ta 1972, ya faɗi a duka ukun.

Ga mai ƙarancin lokaci, Alapin ko giwa zuwa b5 sun fi dacewa, tare da sanin abin da aka bari: Buɗaɗɗiyar Sisiliya ce makarantar da ake koyon kai farmaki da lissafi mai zurfi, shi ya sa matashin da ke burin shiga gasa bai kamata ya guje mata ba. Wanda ya zaɓi giwar kuma yana da sauran aiki guda. Idan mai baƙaƙe ya tura dakare zuwa e6 a taku na biyu, babu abin da giwar za ta kama a b5. A nan mafi sauƙin mafita ita ce c3 a taku na uku, wadda kan mayar da wasan kan tsarin Alapin.