Agwagwar ƙarfe tsakanin Makka da Madina

Duk alhajin da ya taɓa shiga bas daga Madina zuwa Makka ya san tafiyar: awa biyar ko shida a zaune, ƙafa ta kumbura, ga tsayawa cin abinci da sallah a hanya. Tun watan Oktoban 2018 aka samu wata hanyar. Jirgin ƙasa na Haramaini yana cinye wannan tazara ta kusan kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna, da gudun da ke kai kilomita 300 a awa.

Tasha biyar gare shi: Makka, Jidda, filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, birnin kasuwanci na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Kamfanin Talgo na Sifaniya ne ya ƙera jiragen, guda 35, kowanne da kujera 417. A can Sifaniya laƙabin irin wannan jirgi agwagwa, saboda dogon bakinsa mai faɗi. Ba ado ba ne, bakin ne ke tsaga iska.

Burin haɗa biranen biyu da layin dogo ya daɗe. A 1908 Turkawan Usmaniyya sun kawo layin dogo daga Dimashƙu har Madina, amma bai taɓa isa Makka ba, yaƙin duniya na farko kuma ya tarwatsa shi. Sai da aka shekara ɗari da goma kafin jirgin ƙasa ya haɗa biranen biyu.

Abin da ya fi ba injiniyoyi ciwon kai shi ne rairayi. Layin dogo na yau da kullum kan tsakuwa yake zaune, tsakuwar ce ke shanye nauyi da girgiza. Idan iska ta cusa rairayi tsakanin duwatsun, sai su daskare kamar daɓe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Don haka a wuraren da rairayi ya fi yawa aka shimfiɗa layin a kan kankare. Taragun ma an toshe su ruf don kada ƙura ta shiga, an kuma ƙarfafa na'urar sanyaya ɗaki saboda zafin da kan kai digiri 50.

Ba a rasa tangarɗa ba: gobara ta ci tashar Jidda a Satumban 2019. An kuma ga abin mamaki a 2022, lokacin da aka nemi mata 30 su koyi tuƙin jirgin, mata dubu 28 suka nema, a ƙasar da sai a 2018 aka bar mace ta tuƙa mota.

Ga mai ibada, sauri na zuwa da sharaɗinsa. Jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zulhulaifa, wato mai zuwa Umara daga Madina sai ya ɗaura harami tun kafin ya hau. Sannan ga maganar kaya. An ƙayyade girman jaka da nauyinta, alhali alhajinmu ba ya barin Madina sai da dabinon ajwa, dardumomi, carbi da tsarabar dangi kaf. Tashoshin kuma ba a bakin Harami suke ba, in an sauka sai an nemi tasi ko bas. Shi ya sa har gobe ayarin alhazai masu yawa bas suke bi, jirgin ya fi dacewa da mai Umara da ya rataya 'yar jakarsa a kafaɗa.