Harshe da matsayi tsakanin ƴan Afirka da ƴan Antiy a Faransa

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba yadda harshe ya shiga zumunci da saɓanin da ke tsakanin ƴan Afirka da ƴan tsibiran Antiy, watau Martinik da Gwadalup. An saba dogara ga launin fata wajen bayanin alaƙarsu. A ganinmu faransanci ya fi taka rawa.

Tushen abin doka ce. Tun 1848, da aka hana bauta, mutanen Antiy suka zama ƴan ƙasar Faransa, alhali akasarin mutanen Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin dokar indigénat har 1946. Har ma an riƙa turo ƴan Antiy da na Guyan aikin mulki a Afirka, kamar Félix Éboué, wanda yake gwamnan Cadi a 1940.

Frantz Fanon ya keɓe babin farko na Peau noire, masques blancs (1952) ga harshe. Ya nuna ɗan Martinik yana auna darajarsa da tsabtar faransancinsa, yana raina kiriyol, yana kuma ganin ya fi sojan Sanagal mai magana da petit-nègre. Abin lura ga masanin harshe shi ne, wannan karyayyen faransanci ba sojojin kaɗai suka ƙago shi ba. A 1916 an buga ɗan littafi don hafsoshi, inda aka tsara shi, aka kawar da jinsi da sarrafa aikatau. Ke nan an koya wa mutum gurgun harshe, sannan aka yi masa dariya da shi.

Amma faransancin nan ne ya haɗa Césaire da Senghor da Damas a Paris wajen 1935, kuma da shi Alioune Diop ya kafa mujallar Présence Africaine a 1947. A taron marubuta baƙar fata na Sorbonne, a 1956, gardamar ta ɓullo daga wani gefe: wasu wakilan Amurka ba su ji daɗi ba da Césaire ya kwatanta halinsu da na mutanen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka.

A 1989, Bernabé, Chamoiseau da Confiant suka fitar da Éloge de la créolité, inda suka ɗora asalin ɗan Antiy kan cakuɗuwa, Afirka ta zama reshe ɗaya cikin rassa. Bernabé kansa masanin harshe ne. Yawancin kalmomin kiriyol daga faransanci suke, wannan babu musu. Rabon harsunan Afirka a nahawunsa ne masana ba su daidaita a kai ba.