Lambar Da Ta Ba Fermat Kunya

Duk shekara, idan sababbin ɗalibai suka zo ajina na lissafi, nakan rubuta 4,294,967,297 a kan allo, in tambaye su ko akwai lambar da za ta raba ta daidai ba tare da saura ba. Yawanci sukan gwada 3 da 7 da 11, su gaji, su ce babu. Ba na ganin laifinsu, domin wanda ya fi su sani ma ya faɗa wannan rami.

Ga asalinta. Ka ɗauki 2, ka ninka ta da kanta, ka sami 4. Ka ninka 4 da kanta, 16. Haka 256, sai 65,536. Idan ka ƙara ɗaya a kan kowace, har da ta farkon, za ka sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Dukkansu biyar lambobi ne marasa rabuwa, wato babu mai raba su sai ɗaya ko su kansu. Ganin haka ne ya sa Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a Faransa wanda lissafi ya zame masa abin sha'awa, ya rubuta a 1640 cewa ya yi imani duk lambobin wannan jeri haka suke. Adalci dai shi ne a ce ya amsa cewa bai da cikakkiyar hujja.

Ta shida a jerin ita ce lambarmu. Shekara 92 maganar Fermat tana tsaye, sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a birnin St. Petersburg na Rasha, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ita ce 4,294,967,297 cif. Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da ya bayyana daga baya: duk lamba mara rabuwa da za ta raba wannan, dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Wannan ya rage aikin zuwa 193, 257, 449, 577, sai 641. Rabawa biyar kacal, da alƙalami da takarda.

Har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a sake samun mara rabuwa ko guda a jerin ba bayan 65,537.

Damuwata ita ce yadda muke koyar da lissafi a makarantunmu: a ba yaro ƙa'ida, ya gwada ta da misali biyu ko uku, ya haddace don jarrabawa, ba a taɓa tambayarsa dalilin da ya sa ta zama gaskiya. Fermat misali biyar yake da su, kuma duka sun ba shi gaskiya.

Shi ya sa ba na gaya wa ɗalibaina amsar. Nakan ba su mako guda, tare da alamar 64 ɗin nan. A bara wata yarinya ta dawo da 641 a bayan littafinta, da dogon lissafin rabawa wanda ta soke sau biyu kafin ya fito.