Me Ke Hana Talabijin Kamawa a Tambuwal da Kebbe?

A rumfunan masu gyaran rediyo da talabijin a Tambuwal, da gidajen kallon ƙwallo na Dogon Daji da Kuchi, ba a rasa mai bayanin dalilin da ya sa hoto yake daskarewa ko ya ɓace. Wannan ya ce gwamnati ce ta kashe tsofaffin tashoshi. Wancan ya ce ƙarfen sabis na kamfanonin waya ne ke shanye sigina. Wani kuma ya rantse sai an sayi "eriyar dijital" da busta. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabinta, akwai kuma wadda ba ta da tushe, kuma abin lura shi ne marasa tushen kusan duk suna ƙarewa ne da "kawo kuɗi in haɗo maka".

Batun kashe tashoshi yana da asali. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a Janiba cewa za a bar tsohon tsarin analog a koma dijital zuwa 17 ga Yuni, 2015. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara gwaji a Jos a Afrilun 2016, sai Abuja a ƙarshen shekarar, sannan Ilori da Kaduna a 2017, Inugu da Oshogbo a 2018, Legas da Kano a 2021, duk a ƙarƙashin hukumar NBC da sunan FreeTV. Sakkwato ba ta cikin wannan jeri. Saboda haka wanda ya sayo dikodar FreeTV mai eriya a Kano ya kawo ta Kebbe, ya ga ba ta kama komai ba, ba dikodar ce ta lalace ba. Babu ƙarfen da ke watsa mata a kusa. Dikodojin StarTimes da GOtv masu eriya ma haka suke: kowacce tana neman ƙarfen kamfaninta ne, kuma kamfanoni a manyan birane suke kafa su.

A nan ne ainihin matsalar yankin take, kuma ita ce aka fi tsallakewa a hira. Tambuwal tana da nisan kusan kilomita 100 daga birnin Sakkwato, Kebbe ta fi haka. Siginar talabijin ta ƙasa miƙe take tafiya, duniya kuwa tana lanƙwasawa, don haka akwai inda ƙarfen tasha yake ɓuya a bayan doron ƙasa. A lissafin injiniyoyi, idan ƙarfen tasha yana da tsawon mita 100, eriyarka kuma tana kan gora mai mita 9, iyakar inda za su hangi juna kusan kilomita 53 ne. Ka ɗaure gora a kan gora har mita 16, abin da ka ƙara bai wuce kilomita biyar ba. To, shin ɗaga eriya yana taimakawa? Ƙwarai, idan kana bakin iyakar sigina, ko kuma kwanon maƙwabci da dogonyaro ne suka tare ka. Amma ba gorar da za ta jawo Sakkwato zuwa Kebbe. Idan aka ja layi miƙe, Birnin Kebbi ta fi kusa da Tambuwal da wajen rabin nisan Sakkwato, can ma akwai tashar NTA, sai dai ita yamma take, Sakkwato kuma arewa maso gabas. Eriya ɗaya ba ta fuskantar su biyu.

Za a ce, ai shekaranjiya da asuba ta kama tar. Gaskiya ne, ba mafarki mutum ya yi ba. Da sanyin dare da na asuba, musamman a hunturu, iska mai sanyi takan kwanta ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta, sai sigina ta lanƙwaso ta yi tafiyar da ba ta saba ba. Rana na ɗagawa sai abin ya watse. Mai sayar da eriya da ya gwada maka ita da sassafe bai yi maka ƙarya ba, amma ka nemi a sake gwadawa da azahar kafin ka biya.

Dattawa kan ce a dā, ko da yayyafi da shuuu, ana kallon labaran NTA na ƙarfe tara, yanzu kuwa sai allo ya yi baƙi. Wannan ma gaskiya ne. Analog yana lalacewa a hankali. Dijital kuwa ko ya zo cif, ko ya farfashe gida-gida ya tsaya. Shi ya sa dikoda take nuna layi biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ingancin za ka zuba wa ido lokacin da yaro yake juya gora kana yi masa ihu daga ɗaki, ka kuma dakata kaɗan bayan kowace juyawa, domin dikoda ba ta amsawa nan take.

Busta fa? Aikinta irin na lasifika ne: abin da ya shiga shi take ƙara wa ƙara, har da hayaniyar. Tana da amfani idan wayar ta yi tsawo, ko an raba sigina zuwa ɗakuna biyu uku, kuma a sama kusa da eriya ake ɗaura ta. Inda sigina ba ta iso ba, ba abin da za ta ƙara sai layin ƙarfi ya cika, na inganci yana ƙasa. "Eriyar dijital" kuwa suna ne na kasuwa kawai. Tsohuwar eriyar UHF mai haƙarƙari, in ba ta yi tsatsa ba, ita ce dai. Tsohuwar talabijin ma ba a jefar da ita, dikoda ake haɗa mata. Inda ake asara shi ne talabijin ɗin gwanjo: ta Amurka tsarinta daban ne gaba ɗaya, ta Turai kuma in tsohuwa ce tana iya zama DVB-T, alhali Najeriya DVB-T2 take amfani da shi.

Zargin ƙarfen sabis rabinsa gaskiya ne. 5G da MTN ta fara a 2022 a kan zangon 3.5 GHz take, nesa da na talabijin. Amma wani ɓangare na 4G yana kan 700 da 800 MHz, bango ɗaya da tashoshin UHF. Idan gidanka yana dab da ƙarfen, kuma kana da busta mai arha, tana iya kwaso siginar waya ta toshe kanta. A cire bustar a gani. Haka wasu injinan sola masu arha da cajojin waya suna fitar da hayaniyar lantarki. A kashe su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai bayyana.

Ruwan sama ma ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Dish ne hadari yake ɗaukewa, domin siginarsa daga tauraron ɗan'adam take saukowa, daga nisan kusan kilomita 36,000, a zangon da ɗigon ruwa yake shanyewa. UHF ba ta cika damuwa da ruwa ba. In hoton eriya ya lalace da damina, galibi ruwa ne ya shiga ta kan wayar da rana ta tsattsage, ko iska ta juya gorar, ko ganyen bishiya ya yi yawa ya jiƙe. Daga waya da mahaɗarta ya kamata a fara bincike, su ne mafi arha. A kuma nisanta gora da wayar wutar lantarki, a zare wayar eriya daga dikoda tun hadari bai fara tsawa ba.

Ga mai shirin kashe kuɗi a Tambuwal, Sanyinna, Jabo ko Kebbe, tambaya ɗaya zai yi wa dillali: a wane gari ƙarfen wannan dikoda yake, kuma kilomita nawa ne daga gidana? In amsar ta haura 60, ni dai dish zan ce ya saya. Shi ba ruwansa da nisan Sakkwato, kuma akwai tashoshin Hausa da na wa'azi da ake kamawa ta kansa ba tare da biyan kuɗin wata ba.