Dalilin da ya sa uwar garke ta biyu ke ƙin karɓar aiki idan wuta ta yanke wa ta farko

A gari irin Daura, inda KEDCO ke raba wuta, janareta da inbata kuma ke cike giɓi, ma'aikatar da ke son bayananta su riƙa samuwa dare da rana za ta iya haɗa uwayen garke biyu su zama gungu ɗaya: in ɗaya ta tsaya, ɗayar ta ɗauki aikinta. Sai dai ranar da wuta ta yanke wa ɗaya ɗungurungum, ta biyun kan zauna a kunne amma ta ƙi taɓa komai. Da gangan aka tsara ta haka.

Kwamfutocin gungu suna aika wa juna saƙon "ina nan" a kai a kai ta manhajar Corosync. Idan saƙon ɗaya ya yanke, 'yar'uwarta ba ta da hanyar sanin ko mutuwa ta yi, ko waya ce kawai ta tsinke. In tana da rai, kuma su biyun suka shiga rubutu a ma'adanar bayanai ɗaya, bayanan za su cakuɗe, gyaransu kuwa ya fi zaman jira wahala nesa ba kusa ba. Shi ya sa manhajar Pacemaker ke fara killace wadda ta yi shiru, wato ta kashe ta ta tabbatar, sannan ta kwashe ayyukanta. Sunan wannan tsari STONITH.

Inda gizo ke saƙa shi ne, galibi ana tura umarnin kashewar ne ta wata 'yar na'ura da ke cikin uwar garken kanta, iDRAC a kayan Dell, iLO a na HP. Ita kuwa wuta ɗaya suke sha da uwar garken. Wuta ta tafi, ita ma ta tafi. Umarni bai sami amsa ba, sai Pacemaker ta ɗauka killacewa ta gaza, ta yi ta sake gwadawa, ayyuka na tsaye.

Maganin shi ne hanya ta biyu da ba ta dogara da wannan wutar ba. Akwai soket mai karɓar umarni daga nesa. Akwai kuma SBD, wanda ke aiki da agogon tsaro: kwamfutar da ta rabu da gungu za ta sake tayar da kanta in wa'adi ya cika, don haka sauran su jira wa'adin su ci gaba. Proxmox VE ma haka yake yi, da daƙiƙa 60. Amma wannan na bukatar rinjayen ƙuri'a, wanda kwamfuta biyu ba sa bayarwa. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ta isa ƙuri'a ta uku, muddin inbatarta daban ce.

In babu ko ɗaya, sai mai kula da na'urori ya je da ƙafarsa, ya zare wayoyin wutar wadda ta mutu, sannan ya shaida wa gungun da umarnin pcs stonith confirm. Zare wayar wajibi ne, domin ana tayar da janareta za ta iya farkawa ta ci gaba da rubutu.