Dalilin da ya sa mai tsaron raga na biyu ke da daraja a gasar hoki ta NHL

A watan Agustan 2022, ƙungiyar Vegas Golden Knights ta karɓi wani mai tsaron raga mai suna Adin Hill daga San Jose Sharks. Abin da ta bayar a madadinsa shi ne gurbi ɗaya a zagaye na huɗu na zaɓen sababbin 'yan wasa, wato farashin da ake biya domin ɗan wasan da ba a sa ran zai fara wasa. Watanni goma bayan haka, Hill ne ya tsare ragar Vegas a daren da ta lashe Kofin Stanley karon farko a tarihinta. Wannan ciniki ya nuna yadda kasuwar masu tsaron raga take a wasan hokin ƙanƙara: ana sayar da su da arha, alhali sau da yawa su ne ke yanke hukuncin wanda zai ɗauki kofi.

Gasar NHL tana da ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Tsarin cinikinta ya sha bamban da na ƙwallon ƙafar Turai, inda ake zuba miliyoyi a sayi ɗan wasa. A nan musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓen matasa da ake gudanarwa duk shekara a zagaye bakwai. Sannan akwai dokar iyakance albashi, wadda ta samo asali daga rikicin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, rikicin da ya sa aka soke kakar 2004 zuwa 2005 baki ɗaya. Da aka dawo, an tsayar da iyakar albashin kowace ƙungiya a dala miliyan 39. A kakar 2024 zuwa 2025 ta kai dala miliyan 88. Duk dalar da aka ba mai tsaron raga, an cire ta ne daga rabon 'yan baya da 'yan gaba.

Wannan doka ce ta sa hatta gwanaye ba su da tabbas. A 2021 Marc-André Fleury ya lashe kyautar Vezina, wadda ake ba mai tsaron raga mafi bajinta a kaka. Cikin 'yan makonni Vegas ta miƙa shi ga Chicago a madadin wani matashi daga ƙaramar gasa, domin ta sauke nauyin albashinsa na dala miliyan 7 a shekara. Boston ma ta bi sahu a watan Yunin 2024, lokacin da ta tura Linus Ullmark zuwa Ottawa, shekara ɗaya bayan ya ci wannan kyauta.

Dalili na biyu shi ne wahalar hasashe. Mai tsaron raga a wannan gasa yana tare kusan tara cikin kowane bugu goma da aka auna ragarsa da shi, kuma tazarar da ke tsakanin gwani da matsakaici ƙarama ce ƙwarai. Idan aka buga wa mutum sau 1,500 a kaka, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari ƙwallaye 15 ne. Hakan ya isa ya kai ƙungiya wasannin share fagen kofi ko ya hana ta, amma kuma abu ne da rauni, gajiya ko sakacin 'yan baya ke iya sauyawa daga bana zuwa baɗi. Shugabannin ƙungiyoyi kan yi ɗari-ɗari da ba da kaya mai tsada domin wanda ba su san yadda zai wayi gari ba.

A nan ne darajar na biyu take fitowa. Kowace ƙungiya ta saba buga wasanni 82 kafin a shiga fafatawar kofi, wani lokaci dare biyu a jere a birane daban-daban. A da, mutum ɗaya kan ɗauki kusan dukkan nauyin: Martin Brodeur ya buga wa New Jersey wasanni 78 a kakar 2006 zuwa 2007. Yanzu ƙungiyoyi da yawa sun koma raba aikin, saboda salon tsaron zamani na yawan durƙusawa a kan gwiwa yana cin ƙugu da gwiwoyi. A kakar 2022 zuwa 2023, Ullmark da Jeremy Swayman sun yi karɓa-karɓa a ragar Boston, ƙungiyar ta ci wasanni 65, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa. Bayan an raba su, Boston ta ba Swayman kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 66, amma ta kasa shiga wasannin kofi a 2025.

Labarin Vegas ya fi kowanne nuna amfanin tanadi. Babban mai tsaron ragarta, Robin Lehner, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2022 zuwa 2023 saboda tiyatar ƙugu, kuma raunuka sun tilasta mata amfani da mutum biyar a raga. A zagaye na biyu na fafatawar kofi, a karawa da Edmonton, Laurent Brossoit ya ji rauni, Hill ya tashi daga benci. Bai sake barin ragar ba har Vegas ta doke Florida a wasanni biyar a watan Yunin 2023. Irin haka ta faru a St. Louis a 2019, inda Jordan Binnington ya fito daga ƙaramar gasa lokacin da ƙungiyarsa ke can ƙasan tebur, ya kai ta ga kofi.

Wannan ba ya nufin biyan gwani asara ne. Montreal ta tura Patrick Roy zuwa Colorado a watan Disambar 1995 bayan ya samu saɓani da kocinsa, kuma a kakar nan Colorado ta ɗauki kofi. Florida ta ba Sergei Bobrovsky dala miliyan 70 na shekara bakwai a 2019, an sha sukarta a kai, sannan ya kai ta ga kofi a 2024 da 2025. Sai dai irin waɗannan kaɗan ne, kuma ƙungiyar da ta yi kuskure a kwantiragi mai tsawo takan yi shekaru tana biyan bashinsa.

Saboda haka lissafin da yawancin ƙungiyoyi ke yi a yau shi ne su tanadi mutum biyu da za a iya dogara da su, ko da ɗayan zai kwashe rabin kaka a benci. Ga 'yan wasan kuma, benci wuri ne na jiran dama. Bayan nasarar 2023, Vegas ta ba Hill kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 9.8, sannan a 2025 ta tsawaita zamansa da ƙarin shekara shida.